Tsakanin Kanti da Kasuwa

Duk wayar zamani da ke hannunka, ya kai mai karatu, akwai wata babbar manhaja da ke tafiyar da ita, kuma galibi ba ta wuce ɗaya cikin biyu: ko iOS ta kamfanin Apple, ko Android ta kamfanin Google. Na daɗe ina auna su da sikelin marubuci, domin a yau da yawa daga cikinmu a waya muke tsara labari, a waya kuma ake karanta mu.

Ita iOS, wadda ta zo tare da iPhone a 2007, kamar kanti take. Mai kanti shi ke ƙera wayar, shi ke da manhajar, kuma ba ya ba wani kamfani izinin ɗora ta a kan tasa wayar. A yawancin ƙasashe, duk abin da za ka saka sai ya bi ta App Store an tantance shi. Amfanin wannan a bayyane yake: akwai tsafta, kuma miyagun manhajoji ba su cika samun kafar shiga ba. Sai dai abin da mai kanti bai yarda da shi ba, ba ka da shi. Alal misali, sai a 2014 Apple ya ƙyale a saka allon rubutu na wasu kamfanoni, wanda kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne ga mai neman ɓ da ɗ da ƙ.

Android kuwa kasuwa ce. Google ya saye ta a 2005, wayar farko mai ɗauke da ita ta fito a 2008, kuma an bar tushenta a buɗe ga duk mai son ya ɗauka ya gyara. Wannan ne ya ba irin su Samsung da Tecno da itel damar ƙera wayoyi iri-iri, har talaka ya samu daidai aljihunsa. Amma kasuwa ta kowa ce, da mai gaskiya da ɗan damfara, saboda haka wanda ya saka manhaja daga inda bai sani ba, ya kuka da kansa.

Ni dai ra'ayina ya fi karkata ga kasuwa, domin harshe irin namu ya fi samun wurin shimfiɗa tabarma a inda ba a jiran izinin mutum ɗaya. Duk da haka kada mu ruɗu, kasuwar ma tana da sarki. A 2019, da gwamnatin Amurka ta saka wa Huawei takunkumi, sababbin wayoyinsa sun rasa Play Store da Gmail da YouTube, alhali Android suke amfani da ita. Shi ma kantin, sai da dokar Tarayyar Turai ta matsa masa a 2024 kafin ya yarda da wasu rumbunan manhaja a can.

Ashe ke nan ko'ina muka zauna, 'yan haya ne mu, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Shawarata ga 'yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, ita ce kowa ya riƙe wayar da ta yi masa, amma kada ya bar littafinsa a cikin manhajar da ita kaɗai ke iya buɗe shi. A adana rubutu a sigar da kowace na'ura za ta karanta, a ajiye kwafi a wajen wayar, in da hali ma a buga shi a takarda.