Ladan Kuturu

Sana'ar barkwanci a ƙasar Hausa tana da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba. Jama'a sun yarda namiji ya ɗaura zane, ya karya murya, ya tafa hannu irin na mata, muddin kowa ya tabbata cewa da an tashi daga wasa zai kwance zanen ya mayar da hularsa. Tun muna ƙanana muka san haka a wasan tashe, inda daga goma ga watan azumi yara kan yi shigar da ba tasu ba, su bi gida gida, a ba su hatsi da 'yan kuɗi, babu mai tuhumarsu. Wanda ya ƙi kwance zanen shi ake kira ɗan daudu, shi kuwa dariyar da ake yi masa ba ta zuwa da sadaka. Ni ɗan wasan barkwanci ne, kuma daga tsakanin waɗannan biyun abincina ya fito.

A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife ni. Ina ɗan shekara bakwai mahaifiyata ta rasu wajen haihuwa, aka kai ta maƙabartar Tarauni, ni kuma aka riƙe ni a gidan maƙwabta har masu jana'iza suka dawo. Mahaifina direba ne a tashar Unguwa Uku, kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida. Ba a zalunce ni ba, sai dai gidan ya yi shiru irin wanda yaro ba ya iya zama a cikinsa. Na riƙa bin sawun mahaifina zuwa tasha, kuma a can, a wata rumfar shinkafa da miya, wani ɗan daudu mai furfura ya lura da ni. Ya miƙo mini kwano ya ce, "Zo ka ci, ɗan nan. Ciki bai san ta'aziyya ba." Na kira shi Kawu tun daga ranar, ko da yake yaransa na rumfa uwar ɗaki suke ce masa. Hausawa sun ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki. A kaina maganar ta faɗa daidai.

A rumfar nan na sake jin abin da ya ɓace daga gidanmu: habaici, da karin magana, da salati mai tsawo idan miya ta ƙone, da "ni 'yasu!" idan mai ciniki ya gudu da bashi. Haka mahaifiyata take magana. Ina wanke kwanuka ina maimaitawa, har wata rana direbobi suka ji ni suka kwashe da dariya, wani ya jefo mini kuɗi. Su a ganinsu Kawu nake kwaikwayo. Ni kuwa muryar da ke fita daga bakina ta matar da ke kwance a Tarauni ce, kuma muddin ina yinta, ba ta gama tafiya ba.

Sai zamani ya juya. A shekarar 2000 Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai, a 2003 kuma dokar Hisbah ta biyo baya. 'Yan daudu suka janye jiki. Wasu suka bar gari, wasu suka daina fitowa bainar jama'a. Kawu ya rage magana, ya sauke zanen da yake ɗaurawa wajen girki, ya bar wa yara gaban rumfa. Abin mamaki, a daidai wannan lokaci ne harkar finafinan Hausa take bunƙasa a titin Zoo Road, tafiyar ƙafa kaɗan daga unguwarmu, kuma ɗan daudun fim ya zama kayan da kasuwa ke so. Marigayi Rabilu Musa, mutumin Ɗanlasan kuma tsohon ma'aikacin gidan yari, ya fito a fim ɗin Ibro Ɗan Daudu, gidaje suka cika da dariya. Shi ma bai tsira daga ƙa'idar ba, domin a 2008 an ɗaure shi a kan fim ɗin Ibro Aloko. Amma da ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, ƙasar Hausa gaba ɗaya ta yi jimami, domin kowa ya san Ibro mai kwance zane ne.

A inuwar wannan kasuwa ni ma na samu ƙananan fitowa. Ranar da Kawu ya ga fim ɗina na farko, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, tafiyarmu ɗaya. Kai ana biyan ka, ni ana jifa ta." Bai faɗa da ɗaci ba, lissafi kawai ya yi. Na san mutumin nan yana tashi tun kafin asalatu ya hura wuta, na san ba ya wasa da salla, na san da kuɗin shinkafa ya aurar da ƙannensa mata, waɗanda mazajensu ba sa son a gan shi a ƙofar gida.

Da na je neman aure, magabatan yarinya tambaya ɗaya suka aiko da ita: abin da yake yi a fim, wasa ne ko hali? Na ce sana'a ce, aka yi bincike, aka ba ni. Gaskiya na faɗa, amma tambayar ta fi amsar faɗi. Ina sanya hula, ina jan 'ya'yana salla, kuma har yau idan baƙin ciki ya cika mini zuciya, da muryar mata nake yi wa kaina magana, domin da ita aka fara rarrashi na, da ita kuma aka ci gaba bayan mai ita ta tafi.

Kawu ya rasu a wani lokacin sanyi. Sahu biyu ba su cika ba a sallarsa, alhali waɗanda suka ci bashin shinkafarsa sun isa su cika masallacin Juma'a. Ina cikin masu ɗaukar makara zuwa Tarauni, inda ƙasa ta karɓe shi kamar yadda ta karɓi mahaifiyata, ba tare da tambaya ba.

Hukuncin daudanci aikin malamai ne, kuma sun yi bayani a kai. Abin da ke wuyana ni shi ne hakki. Mu da muka ci abinci da tafiyar waɗannan mutane da lafazinsu, da ku da kuka biya kuka yi dariya, duk mun ci ladan kuturu, kuma Bahaushe ya faɗi abin da ke kan wanda ya ci: dole ya yi masa aski. Mafi ƙarancin askin shi ne a amsa sallamarsu, a duba su idan sun kwanta ciwo, a raka su idan sun cika. Allah Ya jiƙan mahaifiyata, Ya jiƙan Kawu, Ya yi musu hisabi mai sauƙi.