Super Glue: ɗigo ɗaya ya isa

Jama'a, idan hannun kofi ya karye ko takalmin yaro ya ɓalle, kada ku kwarara Super Glue. Danshi ne ke sa wannan gam daskarewa, kuma shafi siriri ya fi mai kauri kamawa. Ku wanke wurin, ya bushe, ku sa ɗigo ɗaya, ku matse na minti guda.

Kada ku goge shi da auduga, domin haɗuwarsu na haifar da zafi mai ƙona fata. In yatsu suka manne, kar a fizge. A jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, ko a shafa asiton, wato ruwan goge jan farce.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, kwalbarsa ce ta fi tayar mini da hankali. Wasu kwalaben sak na maganin ciwon ido, ga shi an ɗauke wuta, uwa na laluben maganin ɗanta cikin duhu. In gam ya shiga ido, kada a buɗe fatar da ƙarfi, kada asiton ya kusance shi. A wanke da ruwa mai tsabta, a garzaya asibiti.

Don Allah, kada gam da magani su kwana a akwati ɗaya.