Faifan Inna da Motar Kara

 

Yau ba maganar kasuwa zan yi ba. Wani abu ne da ya faru a cikin gidana nake so in ba ku labarinsa, don na san ba ni kaɗai ne mai irin wannan damuwar ba.

Ni mutumin Itas ne, a ƙasar Katagum ta Jihar Bauchi. Na zo Ibadan a 1998, ina sana'ar wake a kasuwar Bodija, a Sabo kuma nake zaune, a nan aka haifi 'ya'yana duka. Masana tarihi sun ce a 1916 aka kafa unguwar Sabo, a shekarar da aka mayar da fadar Sarkin Katagum zuwa Azare. Ke nan Hausawa sun haura shekara ɗari a wannan unguwa, ana haihuwa, ana aure, ana binne mamata. Idan na tuna da haka nakan tambayi kaina, shin me ya rage a hannun jikokin waɗanda suka fara zuwa daga abin da kakanninsu suka iya?

Wata rana a 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda cutar korona, maiɗakina tana gyaran shinkafa sai ta ce wa autanmu, mai shekara 9 a lokacin, ya miƙo mata faifai. Yaron nan sai ya ɗauko mata wayarta. Da ta yi masa tsawa, ya ce ai shi faifan bidiyo ya sani, ya ɗauka kallo za ta yi. Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma da dare ya yi na kwanta, dariyar ta koma min ciki. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, da ɗinkin faifai ta saya min takalmin makaranta na farko. Ga shi jikanta bai san sunan abin ba. Kuma laifin ba nasa ba ne. Mu ne muka cika gidan da tire da roba, faifai ɗaya da ya rage kuma yana rataye a bango kamar hoto.

Akwai abin da ya fi wannan ci min rai. Duk sanda na buga wa Inna waya na miƙa wa yaran, daga "Ina kwana Kaka" da "Lafiya lau" sai shiru ya biyo baya. Hausarsu ta gauraye da Yarabanci da Turanci, ita kuma tata ta ƙauye ce tsantsa, ga shi babu wani abu da suka taɓa yi tare da za su yi hira a kansa. Ita ma tana jin abin. Ta taɓa ce min, "Yaran nan naka baƙina ne."

To makaranta a rufe, kasuwa ba ta ci sosai, Bahaushe kuwa ya ce da zaman banza gara aikin kishiya. An hana zirga-zirga tsakanin jihohi a lokacin, amma an bar motocin abinci suna wucewa. Sai na roƙi wani direba da yake kawo mana wake daga Azare ya ɗoro min damin karan dawa ɗaya, da ƙullin kaba, da ciyawar faifai. Mutumin ya dube ni ya ce, "Alhaji, daga Bauchi har Ibadan kara zan ɗauko maka? Danga za ka yi?" Na ce shi dai ya kawo. Allah Ya saka masa da alheri, ko kwabo bai karɓa ba.

Da motar kara muka fara, don ita na iya. Ga wanda ya manta, ga yadda muke yi muna yara. Ka samu karan dawa busasshe mai kauri, ka yanka shi gaɓa-gaɓa. Ka ɓare ɓawon a tsaye, siri-siri kamar tsinke, shi ne ƙusarka. Farin cikin nan mai laushi, wato totuwa, shi ne katakonka. Ka yanka totuwa biyu dogaye da biyu gajeru, ka soke su da tsinken ɓawo su zama kusurwa huɗu, ka samu ƙasan mota. A kansa za ka kafa ginshiƙai, ka ɗora rufi, ka jera tsinke a gefe kamar bodin katako na tsofaffin motocin kaya. Taya kuwa da sakaina muke yi, a goga ta a dutse har ta zama da'ira, a huda tsakiya. A nan Ibadan da ba mu da fasasshiyar ƙwarya sai muka yanko daga tsohon silifas, kuma ya fi sakaina ƙarko. Daga ƙarshe a samo dogon sille a maƙala a gaba, shi ne sitiyari. Abu ɗaya da za a kula, ɓawon kara yana yanka kamar reza, don haka babba ya riƙa ɓarewa, yaro ya riƙa haɗawa.

Wallahi na fi shekara talatin rabona da wannan aiki, amma ina taɓa karan hannuna ya tuna. Motarmu ta farko ta karkace, ta biyu tayarta ta ƙi juyawa saboda na matse ramin. Ta uku ce ta yi tafiya. Autana ya tura ta daga ƙofar gida har bakin masallaci, yaran layi suna biye da shi, na Hausawa da na Yarabawa. Kafin sati ya zagayo karan nan ya ƙare, har wani maƙwabcina Bayarabe ya zo yana tambaya ko karan masara zai yi. Zai yi, sai dai totuwarsa ba ta riƙe tsinke kamar ta dawa. Mun kuma yi tabarau na kara da ɗan keji, na nuna masa yadda ake lanƙwasa ɓawon ba tare da ya karye ba. A wajen wannan aiki ne ya koyi kalmomi irin su gaɓa da sille da sakaina, ba tare da na zaunar da shi na ce yau darasin Hausa za mu yi ba.

Faifai kuwa ya fi ƙarfina, don a garinmu aikin mata ne, maiɗakina kuma haifaffiyar Sabo ce, ba ta taɓa yi ba. Dole muka koma ga mai abin. Wani ɗan ƙanena a Itas ya riƙa kai wa Inna wayarsa bayan la'asar, mu kuma mu zauna da 'yata ta fari, mai shekara 13 a lokacin, muna kallon hannunta a bidiyo, layin yana yankewa yana dawowa.

Ga abin da ta koya mana. Kaba ganyen ƙaramar goruba ce. A jiƙa ta a ruwa ta yi laushi, a tsaga ta siri-siri. Idan ana son launi sai a tafasa ta da galura, a shanya a inuwa. Da can, in ji Inna, da karan dafi ake samun ja. Sai a ɗebi ciyawa kamar kaurin ƙaramin yatsa, a naɗe bakinta da kaba, a lanƙwasa ya zama ɗan ƙulli, wannan ita ce cibiya. Daga nan a riƙa zagayawa kamar bayan dodon koɗi, ana huda layin da ya gabata da basilla, ana zura kaba, ana ja, ana naɗe sabon layi a jikin tsohon. Duk sanda ciyawar ta fara sirancewa sai a cusa wata a ciki, don kaurin ya tafi daidai. Wahalar duka a wajen ja take. Idan aka ja da ƙarfi, faifan zai tashi ya zama kwano. Idan aka yi sako-sako, zai yi laƙwas, ko bakace ba zai yi ba. Da kabarmu ta ƙare, Inna da kanta ta ce a warware zaren buhun shinkafa a yi da shi, ai matan gari ma yanzu da shi suke yi.

Cibiyar farko sai da 'yata ta warware ta sau bakwai. Ranar ta bakwai ta jefar da basillar ta ce ita ba za ta iya ba, kuma ina amfaninsa tunda ga tire a kasuwa. Na so in yi mata faɗa, sai Inna ta ce in ba ta wayar in tashi daga wurin. Na koma ɗaki ina jiyo su. Tsohuwar nan ba ta lallashe ta ba, sai ta kama ba ta labarin yadda uwarta take dukan bayan hannunta da kara idan ta ɓata ɗinki, da yadda aka jera mata faifai goma sha biyu a ɗakin aurenta, da cewa lefen da ake ta fariya da shi yau cikin akwatuna asalinsa kwando ne na kaba. Sun fi rabin awa suna magana. Tunda aka haifi yarinyar nan ban taɓa jin sun yi hirar minti biyar ba.

A watan Fabrairu na 2021 aka yi rikicin kasuwar Sasa. Duk wanda yake Ibadan a lokacin ya san irin kwanan da muka yi, an ƙona rumfuna da gidaje, an rasa rayuka, mutanenmu da yawa sun tattara sun nufi Arewa. Abin bai iso Sabo ba, amma hankalina bai kwanta ba, sai na tura maiɗakina da yaran Itas suka yi wata uku. Na yi ta fargabar yadda za su zauna, ga zafi, ga ƙarancin wuta, ga abinci da ba su saba ba. Ashe akwai abin da ya riga su zuwa. Ranar da suka sauka, 'yata ta ciro faifanta karkatacce daga jaka ta ajiye gaban Inna. Idon Inna ya riga ya yi yana, sai ta bi shi da yatsa layi-layi, ta ce, "Nan kin yi fushi, nan kuma barci kike ji." Daga ranar suka zama ƙawaye. Autana kuma ya tarar da yaran da suka fi shi iya motar kara nesa ba kusa ba, amma shi ya kai musu dabarar tayar silifas, don haka bai shiga cikinsu a matsayin ɗan birni da bai san komai ba.

Inna ta rasu a 2023, Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya jiƙan namu da naku baki ɗaya. Cikin kayanta an samu wani faifai da ta fara ba ta gama ba, basillar ma tana soke a jiki. Goggona ta ce a ba 'yar Ibadan. Ta ƙarasa shi cikin sati biyu. Duk wanda ya san aikin yana dubawa zai ga inda hannu ya canja, don layukan ciki sun fi matsewa. Da shi ake rufe min fura yanzu.

Ba ina cewa faifai zai mayar da 'ya'yanmu mutanen Katagum ba ne. 'Yan Ibadan ne, a nan za su yi karatu, wataƙila a nan za su yi aure, kuma ba na ganin aibu a cikin haka. Ba na kuma ruɗin kaina cewa a gida ma abin yana nan yadda na bar shi. Zuwana na ƙarshe na ga goruba ta ragu a gonakin da na sani, na ga 'yan mata sun fi son saƙa da ulu da ɗinkin hula, don sun fi kawo kuɗi. Amma na gane cewa yaro ba ya riƙe harshe don an ce ya riƙe, sai in akwai abin da yake yi da shi, da wanda yake yi da shi. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka ga shawarata ga 'yan uwa na Sabo da Agege da Shagamu da Fatakwal da ko'ina. Ba sai an kashe kuɗi ba. Wanda ya iya tufkar igiya ya nuna wa ɗansa, daga nan a ƙulla ragaya a rataye ƙwarya ko tukunyar fure. Mafici ya fi faifai sauƙi, kuma da zafin nan da ɗauke wuta babu gidan da ba ya buƙatarsa. Masu ɗinkin hula da wankinta suna nan cike a unguwanninmu, a tura yaro ya zauna wurinsu ranar Asabar ya koyi zare da allura. Mata su tambayi tsofaffi yadda ake haɗa turaren wuta ko sabulun salo. Kayan aikin kuwa, motocin da suke kawo mana wake da albasa da shanu kullum daga gida suke tasowa, ƙullin kaba ba zai yi musu nauyi ba. Mafi muhimmanci, a nemi tsohuwa ko tsohon da ya rage a gida ya zama shi ne malamin, ko ta waya ce, tun suna raye. Ni na yi sa'a na samu shekara uku. Da na jinkirta kaɗan, da faifan nan har yau basilla tana soke a jikinsa.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya mayar da kowa gida lafiya. Sai wani jiƙon, in Allah Ya kai mu.

Wassalam.