Gyatsa da Amai a Bakin Bature

A shekarata ta farko ta karatu a Ingila, 'yata mai wata goma ta kwana uku da zazzaɓi, muka kai ta wurin likita. Ya tambaye ni ko yarinyar ta kasance *sick*. Na ce ƙwarai kuwa, yau kwana uku ke nan, dare da rana. Nan take fuskarsa ta sauya, ya shiga duba idanunta da harshenta da maɗigarta, yana zancen ƙarin ruwa. Sai da ya tambayi sau nawa take yi a yini da launin abin da ke fitowa, sannan na gane hanyarmu ba ɗaya ba ce. Ni rashin lafiya nake nufi, shi kuwa amai, domin haka mutanen Ingila ke amfani da kalmar a irin wannan jimla. Yarinyar ko tumbuɗi ba ta yi ba.

Na fito cikin kunya. Na shekara goma sha ina karanta Ingilishi, amma kalma ɗaya tak na sani ta amai, wato *vomit*, wadda asalinta Latin ne, kuma ta fi zama a takardar likita fiye da bakin jama'a. Daga ranar na buɗe ɗan littafi ina rubuta duk abin da na ji.

Ɓangaren gyatsa bai cika shafi ba. Akwai *belch*, tsohuwar kalma tun zamanin Tsohon Ingilishi, sai *burp* wadda ta ɓullo a Amurka wajajen 1930, kwaikwayon ƙarar ce kawai. Ta biyun ta fi laushi, shi ya sa ita ake faɗa idan uwa ta ɗora jariri a kafaɗa tana bubbuga bayansa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da ke biyo bayan gyatsar. Mu hamdala muke yi, su gafarar mutanen wurin suke nema.

Ɓangaren amai kuwa shafuka ya ci. Ga *puke*, wadda ake ɗauka maganar 'yan tasha ce alhali tana cikin wasan Shakespeare mai suna *As You Like It* na wajajen 1600. Ga *spew* mai tsohon asali. Ga na Amurkawa, *barf* da *hurl* da *upchuck* da *ralph*. Ta ƙarshen sunan yanka ne na maza da aka ara saboda ya yi kama da ƙarar yunƙuri. Mutanen Ostareliya suna da *chunder*, wadda zanen barkwancin Barry McKenzie na Barry Humphries ya yaɗa a mujallar *Private Eye* cikin shekarun 1960. Akwai kuma doguwar sakaya, irin wadda ke cewa mutum ya tafi magana da babbar farar wayar tarho, wato ya durƙusa ya rungumi masai.

Me ya sa amai ya sami wannan gata, gyatsa ba ta samu ba? Amsar da na fi gamsuwa da ita tana mashaya. Tun a 1785, ƙamus ɗin sara na Francis Grose ya kawo *shoot the cat* da ma'anar aman da buguwa ta jawo. Mafi yawan kalmomin da na tara daga bakin samari da ɗalibai na ji su, suna ba da labarin daren jiya. Abin da ya zama abin kunya ga mutum ɗaya, rukuni kan mayar da shi abin dariya ta hanyar laƙaba masa sabon suna, kuma da zarar sunan ya tsufa sai a nemo wani.

Wannan ne ya sa na waiwayo gida. Hausa ba ta talauce a nan ba, sai dai arzikinta yana wani wuri. Muna bambanta amai da tumbuɗin jariri da kumallon safiya, muna da haraswa idan ana son sassauci a gaban manya, muna da tashin zuciya kafin komai ya fito. Yawan abin da ƙarfinsa kuma aikatau ke ɗauka: an kelaya, an sheƙa, an kwarara. Har ma mun kai shi fagen ɗabi'a, inda mai warware maganarsa muke cewa ya yi amai ya lashe. Bisa abin da na lura, saran Ingilishi ya karkata ga raha, namu rabe-raben kuwa ya fi kula da wane ne ya yi, da yaushe, da yadda aka yi.

Abin da ke damuna shi ne rubutawa. Turawa sun sami Grose, sun sami Eric Partridge da ƙamus ɗinsa na 1937, shi ya sa yau ana iya bin sawun kalmar mashaya har shekaru fiye da 200. Mu har yanzu Bargery na 1934 muke komawa idan an zo kan kalmomin jiki, mun bar abin da matasa ke faɗa a tasha da ɗakunan kwanan ɗalibai yana wucewa, wai don ba maganar ilimi ba ce. Alhali mai tafinta a asibiti da irin waɗannan kalmomin yake aiki, kuma na ga yadda guda ɗaya ta kusa sa a ɗaura wa 'yata ruwan da ba ta buƙata.

Ɗan littafin nan yana nan. Na juya shi ta baya na fara jerin Hausa, kuma duk zangon karatu nakan nemi ɗalibaina su ƙara abin da suke ji a garuruwansu. Da fari sukan sunkuyar da kai suna murmushi, daga baya sai hannuwa su fara tashi.