Takardar haihuwar mota

A shekara ta 2004 ina aikin kanikanci a wani ƙaramin gareji na garin Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar ke da yawa. Maigidana tsohon Ba'amurke ne da ba ya taɓa sabuwar mota. Sana'arsa ita ce tayar da tsofaffin motocin nan masu ƙaton inji, waɗanda mutanensa ke wa kirari da motoci masu ƙwanji. Pontiac GTO ce ta buɗe musu hanya a 1964. Tsadar inshora da dokokin hayaƙi da rikicin man fetur na 1973 suka rufe ta.

Wata safiya aka jawo mana Dodge Charger ƙirar 1969, baƙa ƙirin, tayoyi a sace, ta yi shekaru barkatai tana shan ƙura a rumfa. Mai ita wata mata ce da ta gaje ta daga mahaifinta, tana neman sayarwa don ta biya kuɗin jinyar mahaifiyarta. Lambar da ke gindin gilashin gaba ta fara da XS29L, wato samfurin R/T mai injin 440, lita 7,2, ƙarfin doki 375. Sai dai masu sayen irin waɗannan motoci ba su yarda da lamba ɗaya, don sun sha ganin an ciro ta daga gawar wata mota an liƙa wa wata. Ɗan faifan ƙarfen da ya kamata ya mara mata baya a gefen inji kuwa ya ɓace tun wani gyara da aka yi bayan haɗari. Babu kuma ofishin da za a je a tambaya, domin katunan ƙira da kamfanin Chrysler ya adana sun tsaya ne a 1967. Mutum biyu sun zo, sun taya da wulaƙanci, sun tafi.

Ni aka sa in cire kujerar baya. Da na kife ta, sai ga sheƙar ɓeraye, da auduga, da wata takarda da ta yi ja don tsufa, maƙale cikin wayoyin kujerar. Na kai hannu zan fizge ta in jefa kwandon shara, sai na ji tsawa daga bayana: "Kai, yaro, ɗauke hannunka!" Ban taɓa ganin tsohon nan ya yi gudu ba sai ranar.

Yana zare ta a hankali, waya bayan waya, yana yi mini bayani. A masana'antar Hamtramck da ke yankin Detroit, inda harafin B na cikin lambar ya nuna an haɗa motar, kowace mota da ta hau layi ana buga mata irin wannan takarda a sassa daban-daban, don ma'aikaci ya san wane inji, wace giya, wane fenti zai sa. Da an gama, takardar ta zama shara. Wasu ma'aikatan, maimakon su nemi kwando, sai su cusa ta cikin kujera, ko ƙarƙashin dardumar ƙasa, ko bayan akwatin gaba. Babu wanda ya yi nufin ajiya. Shi ya sa wani lokaci takardar wata motar ce ake samu, ta gaba ko ta baya a layi, murna ta koma ciki.

Muka shimfiɗa ta bisa tebur, muka yi ta bin lambobi ɗaya bayan ɗaya, shi da tabarau, ni da tocila. Suka yi daidai har na ƙarshe. E86 ya tabbatar da injin, D21 ya ce da giyar hannu mai huɗu ta fito, abin da masu saye suka fi musantawa. Sai F8, kore mai duhu. Da matar ta ji haka a waya sai ta yi shiru, can ta ce tun tana ƙarama take cewa motar babanta koriya ce, ƴan uwanta na mata dariya. An rufe masana'antar a 1980, aka rushe ta a 1981, ga shara ɗaya da wani ya ƙi zubarwa tana ba da shaida a madadinta. Motar ta sayu da daraja. Nawa ne, wannan sirrin mai ita ne.

Abin da ya hana ni barci daren nan daban ne. Cikin jakata akwai tawa takardar, wadda kotu ta yi mini da shaidu biyu lokacin da za a sa ni lakwal, an rubuta "né vers 1969". Fasfo ya ba ni 1 ga Janairu, kamar dubban irina. Inna ta ce da damina aka haife ni, gero ya fara fidda kai, kuma na fi yarda da ita. Na ji wani kishi, wanda har yau nake jin kunyarsa: ni da wannan ƙarfen sa'o'in juna ne, amma shi an san launinsa na fari da ranar fitowarsa.

Washegari na nuna wa maigida gurbin kwanan wata a hoton takardar, harafi ɗaya na wata, biyu na rana, na ce masa motarsa ta fi ni gata. Ya duba, ya girgiza kai. Ya ce wannan ranar da ofis ya tsara za a haɗa ta ce. Layi kan yi jinkiri, kaya kan makara, ana iya samun tazarar kwanaki ko makonni, kuma ainihin ranar babu mai iya rantsewa a kanta. Na ce ashe ita ma "vers" ce. Bai gane ba, ni kuwa ban fassara masa ba, ya miƙo mini sifana ya ce kujerar gaba na jirana.