Tanuki da awon igiya

A Rangaza, cikin ƙaramar hukumar Ungogo, shagon PlayStation kan cika maƙil bayan sallar isha'i. Samarin da ke murza ƙwallon kamfanin Konami sun san Naruto, wanda Masashi Kishimoto ya fara zanawa a 1999, fiye da yadda suka san sunan dagacinsu. A idonsu Japan ƙasa ce ta na'ura da takobi.

Ɗaya daga cikinsu, ɗalibin jami'a, ya karɓo tarin katun daga shagon tura fina-finai, sai ya tarar da wani bare a ciki: Pom Poko, wanda Isao Takahata ya shirya a Studio Ghibli a 1994. Ya kalle shi a makon da baffanninsa ke shawarar sayar da gonar gado.

Labarin na tanuki ne, wata dabbar daji mai kama da dila, wadda a tatsuniyoyin Japan take rikiɗa yadda kura ke yi a namu. Birnin Tokyo ya faɗaɗa, aka soma rushe tsaunukan Tama domin gina sabon gari, wanda da gaske aka fara shigarsa a 1971. Tanuki suka yi yaƙi da rikiɗa da tsoratarwa, amma aka ci su. Waɗanda suka iya rikiɗa suka koma mutane, suna sammakon zuwa aiki cikin birnin da ya cinye gidansu.

Matashin bai nemi sharhi ba. Ya san inda gero da wake suka tsaya bara, bana kuma bulo ne da alamun awon igiya.

Wannan ƙasa ba ƙaramar ƙasa ba ce. A shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, yana neman sanin yadda gona ke ciyar da jama'a masu yawa shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Amsar tana kan jaki: mangala cike da toka da shara da kashin dabbobi daga birni zuwa gona, hatsi da itace kuma daga gona zuwa birni. Haka manoman da ke kewaye da Edo, tsohon sunan Tokyo, suka riƙa sayen bayan gidan mutanen birni suna takin gonakinsu. Japanawa na da kalma, mottainai, wato takaicin ganin an wofintar da abu mai amfani. Wangari Maathai ta Kenya ta yayata ta a 2005. Manomin Ungogo ya daɗe yana aiki da ita bai san sunanta ba.

Zalunci ne a kira masu sayarwa marasa kishi. Gonar da ta riƙe gida ɗaya, in an raba ta tsakanin magada goma, ba ta riƙe kowa. Ga kuɗin makaranta, ga asibiti, ga dillali a ƙofar gida da kuɗi a hannu.

Sai dai Japanawa ba su tsaya ga jimami ba. Bayan fim ɗin Totoro na Hayao Miyazaki, na 1988, jama'a suka kafa asusu, suka fara sayen guntayen daji a tsaunukan Sayama daga 1991 domin kada a gina su. Musulmin Kano ma na da hanyarsu, tsohuwa kuma halattacciya: waƙafi. Ana yi wa masallaci da maƙabarta. Babu abin da ya hana a yi wa gona.

Ranar taron gida matashin ya durƙusa ya ce, "Baffa, ina neman alfarma. A bar gefen da gawo yake, ni zan noma." Baffan ya daɗe yana dubansa, sannan ya tambaye shi ko ya san kuɗin mangala ɗaya ta taki bana. Bai sani ba. Washegari ya tafi tambaya.