Makokin Bakin Hanya

Wanda aka yi wa rasuwa yana da gata. Akan shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, jama'a su yi ta zuwa gaisuwa har kwana uku, a yi sadakar bakwai, a yi ta arba'in. Amma wanda ya ga mutuwar baƙo a bakin hanya fa, wa zai gaishe shi?

Mu huɗu ne, muna komowa daga hutu ta hanyar Kano zuwa Zariya. Wucewarmu Kwanar Dangora ke nan sai muka tarar da wata mota ta kife. Muka sauka, muka taimaka aka jawo mutane. Uku sun riga sun cika. Muka lulluɓe su da mayafanmu, ko sunansu ba mu ji ba, direbanmu ya ce dare na yi, muka hau.

Da muka iso makaranta aka yi mana barka da arziki, shi ke nan. To, tuwo dai ya ƙi wucewa. In an kashe fitila kowa ya yi lamo, wai shi barci yake yi. Abin mamaki, ba jinin ne ya riƙa dawo mana ba, wani ɗan takalmin yaro ne da muka gani yashe cikin ciyawa.

Ran kwana na bakwai muka gaya wa wani dattijon malaminmu. Bai yi mana wa'azi ba. Ya sa muka tara 'yan kuɗi aka sayi waina, aka raba wa almajirai, aka yi wa mamatan addu'a. Sa'an nan ya zaunar da mu a zaurensa, ya ce kowa ya faɗi abin da ya gani tun daga farko. Har aka kira isha'i na ukunmu bai gama ba.